Takardar Auta

Litinin, 3 ga Maris

Malama ta ce kowa ya sami littafi ya riƙa rubuta abin da ke ransa bayan darasi, ba don wani ya gani ba. Na ce ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Ta ce to a rubuta miki. Shi ne babbar 'yata, wadda duk gidan ke kira Yaya, ta ture keken ɗinki ta ɗauki biro. Na ce mata abin da na faɗa shi za ki sa, kar ki gyara min baki.

Mu goma sha biyu ne, a ɗakin baya na cibiyar masu barin shaye-shaye. Kujerun roba, fanka ɗaya mai kuka. Ana koya mana yadda ake zama da mai son rabuwa da ƙwaya ko maganin tari. Ni ce tsohuwar ciki. Da aka ce me ya kawo ki, na ce taimakon jama'a.

Ƙarya ce. Auta ne ya kawo ni. Shekara biyu rabonsa da ƙofar gidana. Yana can wurin masu faci, mota ɗaya tsakaninmu. Na zo ne a ba ni maganar da zan faɗa masa ya daina, ya dawo.

Laraba, 5 ga Maris

Babu wata magana. Wai shiru za a koya mana. Da furfurata!

Litinin, 10 ga Maris

Yau aka jera kujera biyu suna kallon juna. Ɗaya mai shaye-shaye, ɗaya mai saurare. Aka haɗa ni da Direba, wani dattijo da ya yi shekara ashirin yana haɗiyar ƙwaya don kar barci ya ɗauke shi a hanya. Ya daina tuntuni, yanzu shi ma yana son ya taimaka.

Doka uku. Kar ka ce “me ya sa”. Kar ka yi wa'azi. In mutum ya yi shiru, ka ƙirga goma a ranka kafin ka buɗe baki.

Ya fara, wai jiya ya koma ya sha. Bai rufe baki ba na ce ba ka jin kunyar 'ya'yanka? Ɗakin ya fashe da dariya. Direba ya ce, “Mama, wasa fa muke, amma wallahi har na ji ina neman ƙofa.”

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Nawa kika ƙirga?” Na ce ɗaya. Direba ya ce ko rabin ɗaya ba ta kai ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na kai huɗu. Da gaɓoɓin yatsa nake ƙirgawa, a ƙarƙashin mayafi.

Litinin, 17 ga Maris

An tambaye mu yadda muke tarbar namu in sun shigo gida. Kowa ya faɗi nasa. Ni na ce lafiya lau. Amma a nan zan faɗa.

Tun yana ɗan shekara sha tara, in Auta ya yi sallama ba na amsawa sai na tare shi a bakin ƙofa. In ce hura min. Ya sunkuyo, don ya fi ni tsawo, ya hura min a fuska, in shinshina. In ɗaga masa fatar ido. In laluba aljihu. Sannan in ce sannu da zuwa. Shekara shida haka. Ni a ganina tsaro ne. Babansu ya rasu, wa zai tsaya in ban tsaya ba?

Yaya ta ce, “Inna, har ranar da ya zo da zazzaɓi sai da ya hura.” Na ce ba ke aka tambaya ba. Ta dai rubuta.

Alhamis, 27 ga Maris

Ba darasi yau, an ce mu zo mu kalli sallamar waɗanda suka cika kwana casa'in ba su sha komai ba. Su biyar. Kowa aka kira shi sai a tafa, a miƙa masa takarda. Wata uwa ta rungume ɗanta, ɗankwalinta har ya zame.

Na kusa da ni ya miƙo min tasa in sa albarka. Farar takarda mai kauri, da koren hatimi a ƙasa, hoton hannu biyu a ciki.

Na san hatimin nan.

Ban tsaya shayi ba. Direba yana ta kira, Mama lafiya, Mama jakarki. Shi ya biyo ni da ita har bakin titi.

Juma'a, 28 ga Maris

Jiya ban iya ƙarasa labarin ba. Yau na ce Yaya ta sauko min da gwangwanin da ke saman kabad, wanda nake ajiye maɓallai. Takardar na ƙasa, a ninke huɗu.

Bari in faɗa yadda aka yi, ki rubuta duka.

Shekara biyu ke nan. Auta ya ɓace wata uku da 'yan kwanaki, abokansa suka ce ya yi tafiya. Sai wata safiya ina shara, ga shi. Ya yi aski. Riga fara, an goge ta har karin guga na tsaye. Yana murmushi, ya ce, “Inna, na zo miki da wani abu.” Na jingine tsintsiya na ce hura min.

Murmushin ya tafi, amma ya hura. Ƙamshin man goge baki kawai. Na ce au, har dabarar ɓoyewa ka koya? Na sa hannu a aljihun rigar na zaro takarda. Na ga hatimi. Ni duk takarda mai hatimi da ta taɓa shigowa gidan nan a kansa, ta 'yan sanda ce. Na ce wannan karon me ka yi? Daga ina suka sako ka? Ya ce, “Inna, ki bari in—” Na ce rufe min baki, ka kashe ubanka da baƙin ciki, ni ce ta rage. Ya tsaya yana kallona. Ya juya. Ko takardar bai karɓa ba.

Na ɓoye ta don kar Yaya ta gani, kar mijinta ya ji. Wai ina rufa masa asiri.

Yau ta karanta min. Sunansa ne. Kwana casa'in. Shi ya kai kansa, ba wanda ya kai shi.

Ta ce, “Inna, shekara biyu ina shiga ɗakin nan kullum. Da kin miƙo min.” Sai ta ajiye biron ta fita tsakar gida. Wannan bayan ta dawo muka ƙarasa.

Litinin, 31 ga Maris

Ban je ba. Me zan faɗa wa ɗan wani?

Alhamis, 3 ga Afrilu

Direba ya zo har gida, wai an aiko shi ya ga ko ciwon ƙafa ne ya hana ni zuwa. Na ba shi labari a bakin ƙofa. Ina jira ya ce ba laifinki ba ne, ko ya ce laifinki ne. Na ga leɓensa na motsi. Na ce ƙirgawa kake yi min? Ya ce, “Ina bakwai, Mama, kin katse ni.”

Na yi dariya, sai kuma kuka. Ya bar ni na yi.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na koma. Na tambayi Malama ko ta san Auta. Ta ce ba ta faɗin wanda ya zo da wanda bai zo ba, ko ga uwa. Na ji haushi. Na ce to in je in ce masa me? Ta ce, “Me kike so ya sani?” Na ce cewa an karanta min. Ta ce to shi ke nan. Kar ki ƙara da daina, kar ki ƙara da dawo.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na je wurin facin. Yana durƙushe kan taya a cikin kwanon ruwa yana neman inda iska ke fita. Ya rame. Haƙorinsa ɗaya na gaba babu. Ya gan ni ya miƙe, hannu na ɗigar ruwa, bai gaishe ni ba.

Na ciro takardar na ce an karanta min. Na ce ban sani ba, kuma ban bari ka faɗa ba.

Na ƙirga goma. Na sake goma. Motoci na wucewa. Can ya ce, “Ai ta lalace, Inna. Sati ɗaya bayan nan na koma.” Bakina ya cika da magana fal. Na danne babban yatsa a kan gaɓa har ya yi zafi. Abin da aka koya mana na yi, na mayar masa da maganarsa. Na ce wato ka koma sha. Ya ce e.

Ya ce hannunsa da datti, in riƙe takardar. Na dawo da ita.

Asabar, 19 ga Afrilu

Shiru. Na wanke labulen ƙofa, ba don komai ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Da hantsi aka yi sallama. Rigar aiki ce a jikinsa, duk baƙin mai. Na taso na tsaya inda na saba tsayawa, ƙafa ce ta kai ni. Sai ya sunkuyo. Ban ce komai ba fa, shi da kansa ya sunkuyo, ya cika kumatu, kamar ɗan yaron da za a duba wa haƙori. Mutum mai shekara ashirin da bakwai.

Na ja da baya na ɗaga labule. Na ce sannu da zuwa.

Ya sha shayi kofi biyu. Ya yi maganar taya, wai akwai mai tsaga da ba ta ɗaukar faci. Ya tambayi Yaya yaranta. Bai ce zai daina ba, bai ce zai kwana ba. Da zai tafi ya ce ran Laraba ƙarfe nawa ake buɗe wurin nan naku. Na ce takwas. Ban ƙara komai ba, Yaya shaida ce.

Ko ya sha wani abu kafin ya zo, ban sani ba. Ba wai na canza ba ne. Mura nake yi, hancina a toshe yake, ko ya hura ba abin da zan ji.

Yaya ta ce ba ni da wata mura. Na ce rubuta mura.