Kyamarorin Tafkina Suna Yaƙar 'Yata

Apa Dilruba, babbar yaya, ki taimake ni. Tsoro ya hana ni cin shinkafa, ni da ko zazzaɓi bai taɓa raba ni da kwano ba.

Jatan lande nake kiwo a bayan garin Khulna. A aji biyar na sallami makaranta, ita ma ba ta roƙe ni in zauna ba. 'Yata Moushumi ce ta yi karatu, ita ke tsaron shafin intanet da ake neman masu ba da jini. Mako biyu ke nan wasu mugaye suna turo wa shafin na'urori dubbai lokaci guda, su cushe ƙofa, mai neman jini na gaske ya rasa hanyar shiga. Shugabanta ya ce in shafin ya sake faɗuwa ta nemi wani aikin.

Ran Juma'a muna cin abinci ta ce yawancin na'urorin kyamarorin tsaro ne na sakarkarun da ba su canza lambar sirrin kamfani ba. Na yi dariya har da buga cinya. Apa, irinsu huɗu gare ni a bakin tafki. Bara ta ce in canza, na rantse na canza, alhali 1234 kaɗai kaina ke riƙewa. Kuma duk ranar da shafinta ya faɗi, hotonsu daskarewa yake a wayata. Idan wani ya rasa jini saboda ni fa? Idan aka kore ta? Da wane baki zan faɗa mata?

Sakarai Mai Jatan Lande

Bhai, ɗan'uwana, da bakin da ka rantse. Amma fara cire su daga wuta, yau.

Ba kai ka kai harin ba, sace maka kyamarori aka yi ta intanet, in ma an yi, kuma huɗu cikin dubbai ba su ne suka kayar da shafin ba. Laifinka rantsuwar nan ce.

Ka gaya mata. Ita za ta mayar da su yadda suka fito daga kamfani, ta sabunta manhajarsu, ta toshe hanyar shigarsu daga waje, ta sa doguwar lamba. Ka rubuta a takarda, mamanta ta ajiye. Sannan ka kai ta wurin maƙwabtanka da suka sayi irinsu.

Za ta yi fushi, ka bar ta ta yi, ban da barkwanci. Mako biyu tana neman ƙofa ɗaya da za ta iya rufewa da hannunta, kai ga huɗu ka ɓoye.

Allah ya tsare mata aikinta, ya maido maka da kwanonka.

Apa Dilruba