Sashe na Hamsin da Biyu

Zuwa ga Ƙaramar Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da ɗaliban nan naki da lissafi ke ba wa kashi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ba ta jin magana.

Littafinki, Makullin Tagulla, ya iso ranar Talata. Na rufe shago da rana tsaka, na bar agogon wani bawan Allah a buɗe kan tebur, na zauna. Ke! 'Yar ƙanwata ce ta rubuta wannan? Yarinyar da nake ɗorawa kan benci tana karanto mini lambobi saboda ba ta gama sanin haruffa ba?

Mahaifiyarki ta zo ta karɓi kwafi ɗaya, ta kama karatu daga shafin farko a jere kamar jarida. Ta dawo tana faɗa, wai an kashe mutum a shafi na uku kuma ga shi yana hawa bene a na huɗu. Na ce mata ba haka ake karanta littafin zaɓi ba. Mai karatu shi ne ɗan cikin labarin, an kulle shi a tsohuwar masaƙa, dole ya nemi hanyar fita. In zai buɗe ƙofar dama a ce tafi sashe kaza, in ta hagu sashe kaza. In ya mutu ya koma na ɗaya. Ta ce wannan ai wahala ce. Na ce wahalar muke so.

Ranar Asabar na karanta sharhina gaban 'yan ƙungiyarmu ta karatun littattafan zaɓi a bayan shago, mu takwas. Na ce shekara goma sha tara muna wannan zama, ba mu taɓa samun littafin da ya san inda zai ɗana tarko kamar naki ba. Na ce na fita daga masaƙar a karo na huɗu, kuma bisa dokarmu ta yatsa: ba riƙe shafi don a dawo in hanya ta ɓaci, ba leƙen gaba. Kin san ni, ban taɓa karya ta ba. Direba ya ce shi a karo na shida ya fita, Tela na bakwai, Lauya na biyar. Mai Kemis kaɗai ta ce ta yi sau ashirin ruwa yana cinye ta. Muka yi mata dariya har Direba ya ƙware da shayi. Baiwar Allah, sai ta riƙa juya littafin a hannu kawai.

Ina ta nuna wa masu kawo gyara sunanki a bangon littafin, har da waɗanda ba su tambaya ba. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Mai Agogo

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina miƙa gaisuwa cikin girmamawa, tare da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Maigidana yana gaishe ka.

Na karanta wasiƙarka sau uku, har na yi ƙwalla a ɗakin malamai. Kai ka koya mini son littattafan nan, yabonka ya fi mini na kowa.

Amma Kawu, akwai magana, kuma na rasa ta inda zan kamo ta. Mai Kemis ta aiko mini da wasiƙa. Ta haɗa manyan takardu huɗu da gam, ta zana taswirar littafin gaba ɗaya, sashe ɗari biyu, kowace hanya da kibiyarta, ta sako mini kwafinta a wasiƙar. Ta tambaye ni cikin ladabi ko ita ce ba ta gane ba. Na duba. Ba ita ba ce, ni ce.

A sashe na 52, wanda ya ja igiyar ƙararrawa ya kamata ya tafi na 171, inda makullin tagulla yake. Ni kuwa na rubuta 117, ɗakin da ruwa ke cika. Malamar lissafi guda ta juya lambobi! Babu wata hanya da ke kaiwa 171, kuma ƙofar fita ba ta buɗuwa sai da makullin. Wato yadda aka buga littafin, babu wanda zai iya fita.

Masu ɗab'i sun ce in aiko da 'yar takardar gyara a saka cikin kowane kwafi. In na yi haka 'yan ƙungiya za su gani, kuma za su tuna abin da ka faɗa a gabansu. Ban aika ba tukuna. Ban kuma ba Mai Kemis amsa ba. Ina iya yin shiru in gyara a bugu na biyu ba tare da kowa ya ji ba. Abin da ka ce shi zan yi.

Ka yi haƙuri da ni.

'Yarka,
Malama

*

Malama,

Salamu alaikum. Gaisuwa.

Wataƙila kwafina daban yake. Na'urorin ɗab'in yanzu ba a shaidarsu. Kuma ita Mai Kemis da ta sami lokacin zana taswira, wa ke sayar mata da magani?

Aiki ya yi mini yawa a shago. Sai wani lokaci.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida 'yan ƙungiya.

Duk a rana ɗaya aka buga su, Kawu, a na'ura ɗaya. Ba zan ƙara da komai a kan wannan ba.

Abu ɗaya kawai zan faɗa maka. Mai Kemis ta sake rubuto mini. Ta ce tunda ban amsa ba ta gane kuskuren nata ne, ƙwaƙwalwarta ce ta fara tsufa. Ta ce daga Asabar mai zuwa za ta daina zuwa zaman, don ba ta son ta riƙa ja da mutane baya. Shekara goma sha ɗaya tana zuwa, ko ranar da aka sallamo ta daga asibiti sai da ta biyo ta shagonka. Wasiƙarta tana cikin jakata, duk sanda na buɗe sai in ji kunya ta rufe ni.

Har yanzu ban aika da takardar gyaran ba. Ina jiranka.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Malama

*

Zuwa ga Ƙaramar Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, kuma ki yafe gajeriyar wasiƙar nan da na aiko miki. Haushi ne, kuma ba haushinki ba.

To, ga gaskiya. Sau goma sha huɗu ruwan nan ya cinye ni. Ranar Juma'a ta zo, gobe sharhi, ni ko ƙamshin makullin ban ji ba. Na riga na cika wa mutane baki cewa littafin 'yata ne. In je in ce ya gagare ni? Sai na sa yatsa a 52, na shiga buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya har na ga inda aka rubuta makulli. Na ce wa kaina ai hanyar tana nan, idona ne ya tsallake ta. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa ke kika yi kuskure ba. Na fi yarda da cewa ni ne na tsufa.

Ranar Asabar na je kemis ɗin da kaina tun da safe. Na tsaya a layi bayan wata mai goyo, da layi ya zo kaina na ce ba magani nake so ba, taswira nake so ta kawo da yamma. Ta dube ni ta saman tabarau, ta gyaɗa kai.

Da aka taru na shimfiɗa taswirar a kan teburin gyara, na danne gefunanta da agogo huɗu. Na miƙe tsaye, gwiwa ko ba gwiwa. Na ce jama'a, littafin nan ba ya fituwa, ga shaida. Na ce ni da na ce na fita a karo na huɗu ƙarya na yi, leƙe na yi. Ban taɓa jin ƙarar agogunan shagon nan kamar ranar ba.

Can sai Tela ya yi gyaran murya ya ce shi ma dai, a gaskiya, ya ɗan duba gaba. Direba ya ce shi daga ƙarshe ma ya fara karantowa baya. Lauya ya kama bayani cewa ya danganta da abin da ake nufi da leƙe, muka ce ya zauna. Mu bakwai, manya da furfura, kowa ya ji na ce na fita shi ma ya fita! Mutum ɗaya ce ta bi doka har ƙarshe, ita muka yi wa dariya.

Na ba ta haƙuri a gaban kowa. Na tashi daga kujerar nan mai hannu da nake zama a kai in karanta sharhi, na ce daga yau tata ce. Ta ƙi, na rantse, ta zauna. Sharhin farko da ta yi daga kan kujerar na littafinki ne. Ta ce wanda za a mutu a cikinsa sau ashirin a kuma sake komawa sashe na ɗaya ba tare da an tilasta wa mutum ba, wannan ba ƙaramin littafi ba ne. Ni na yabe ki da ƙarya, ita ta yabe ki da gaskiya, kuma nata ya fi nawa kyau. Kaina ya yi girma har na manta da kunyar da nake ciki.

Aika da takardar gyaran yau ɗin nan. Ki sa sunan Mai Kemis a ƙasa, ita ta gano.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Mai Agogo

*

Ƙaramar Malama,

Salamu alaikum. Takardun gyara sun iso, mun manna su da hannunmu.

Mun sake ƙirga daga farko, Mai Kemis ta fita a karo na biyu. Ni na sami makullin, na yi murna, sai bene ya rufta da ni a sashe na 188. Sau biyar ke nan ina mutuwa tun bayan gyaran. Ashe bayan makullin ma kin ajiye mana wani abu, ja'ira!

Ran Asabar zan faɗi adadin yadda yake. Kada ki kuskura ki gaya mini hanya.

Kawunki