Kabewata Ta Haura Katanga

Agadas, daren Laraba.

Godiya ta tabbata ga Allah a kowane hali. Kabewar da na shuka a gindin lemo, nake shayar da ita da ruwan alwalata, ta bi reshe ta haura katanga. Ganye ta bar mini, 'ya'yan duk suna gidan maƙwabcina Alhaji Idi.

Bayan la'asar na je karɓo haƙƙina. Kafin in yi magana ya riƙe hannuna.

"Malam, ashe wa'azinka kan maƙwabtaka ba a baki ya tsaya ba. Jiya muka dafa babbar."

Na dawo hannu sake. Na ce wa Hajiya mun yi sadaka.

Ta ce, "Da wace niyya, Malam?"

Allah ya gyara niyyarmu, ya kuma karkato da reshen nan gida.