Abin da Hadiza ta gani a hannuna

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya jikin Inna? Ya Hajiya Rabi da yara, ya damina a Damagaram? Mu nan Sterling ta Amurka lafiya lau.

Ka tuna faɗan da na yi wa 'yata Hadiza da ta zaɓi darasin ilimin halayyar ɗan'adam a sakandare? To, na janye maganata.

Bayan hatsarin nan da na yi da motata ta haya a hanyar filin jirgi jikina ya warke, amma da na hau babban titi sai hannuna ya kama rawa. Ban faɗa wa kowa ba, har na fara ƙin ɗaukar fasinjan nesa. Wata Asabar zan kai ta islamiyya, na yi ta zagaye ta cikin unguwa. Ta dubi hannuna, ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Baba, tsoro ne. Mun karanta shi a aji. Ba ragwantaka ba ce, kuma ana maganinsa."

Na ce, "Har kin zama likita?"

Ta ce, "A'a, shi ya sa za mu je wurin likita."

Yaya, na ji kunya, amma na je, sau uku ke nan. Jiya na kai fasinja har Washington. Hannun ya ɗan yi rawa, ban tsaya ba.

Kada hankalin Inna ya tashi, ka ce mata addu'a kawai muke roƙo. A gaida mutanen gida duka.

Ƙaninka,
Yusufu