Saƙon da ya watsa gayyar ɗakin Inna

Assalamu alaikum, Yaya Bello. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin Ƙatar? A gida kowa lafiya lau. Na sa wasiƙar nan inda kowa zai karanta da gangan, don a gaban jama'a ka yi mana abin da ka yi.

Ka san ambaliyar bana ta kwantar da ɗakin Inna. Asabar ɗin da ta wuce muka kira gayya. Mutanen unguwa suka baro gonakinsu, wasu suka taho daga Fakku a babur, har Baffa Jauro ya bar wa 'ya'yansa shanu ya zo da galan biyu na nono. Ana kwaɓa ƙasa, ana miƙa tubali, ana ta tsiya da dariya. Kafin azahar gini ya kai ƙugu.

Muna shan fura saƙon muryarka ya shigo. Ka san yadda muke yi, in na nesa ya aiko murya a ranar aiki, a fili ake sakewa kowa ya ji gaisuwarsa. Ban saurara ba tukun, wautata ke nan. Na ƙure ƙara, na ɗaga wayar sama ina washe baki.

Ko sallamar kirki ba ka yi ba. Ka ce mu daina wahalar da kanmu da laka, ƙasar nan ta riga ta mutu. Ka ce 'yan Filifin da kuke aiki tare su ne mutane, mu kuwa ba kishi, ba zuciya, kowa cikinsa ya sani. Har ka ce kunya kake ji a tambaye ka daga ina kake. Na yi ta lalubar inda zan kashe, yatsuna duk laka.

Malam Umaru magini ya ajiye ludayinsa ya ce, "Ashe mu da munka baro gonakinmu ba mutane na ba?" Ya wanke hannu ya hau kekensa. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, ƙasar da aka kwaɓa ta bushe a wurin.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba. Da ka zo hutu bara, kai ka ba mu labarin abokin aikinka Ramon ɗan Filifin, wanda guguwa ta share garinsu. Ka ce washegari ya manna tutar ƙasarsu a hular kwanonsa, ya hana kowa yi masa kallon tausayi. Ka nuna mana hoton mutanensu sun ɗauki gida sukutum a kafaɗa suna kai shi tudu, kana ta jinjina musu. To ka taɓa jin Ramon ya kira gida ya ce wa masu ɗaukar gidan nan ba su da zuciya? Ka zauna da mutumin nan shekara da shekaru, abin da ka koya kawai shi ne yadda za ka auna mu da shi ka raina mu.

Ba na musu, muna cikin wahala. Hanyar Kebbe ta ci mana taya ba adadi, taki ya gagari talaka, na fi ka sani tunda ni nake ciki. Amma waɗannan da ka zaga su suka ɗauki gawar Baba kana can, su suka yi maka jinkar ɗakin aurenka.

Na san kaɗaici ne da gajiya, na ji su a muryarka. Kai ne fa ka koya mini dunƙula tubali, kana mini dariya don nawa ya fito kamar ƙosai. Ina kewar wancan Yayan ƙwarai.

Yanzu Inna a ɗakin maƙwabta take kwana, hadari kuma na haɗuwa kullum. Ruwa ɗaya mai ƙarfi zai narkar da abin da aka gina. Abin da nake so kafin Asabar, ka aiko wata muryar, ka gaida Malam Umaru da sauran da sunansu, ka ba su haƙuri. Zan sake ta a ƙofar masallaci.

Ka yi sauri don Allah. Jiya Inna ta ɗauki sandarta, da ƙafar nan tata mai ciwo, ta bi gida-gida tana cewa, "Ku yi haƙuri, ba Bello na ba, wani na yaɗ ɗauki wayarshi." Tsohuwar da tun tasowarmu ba mu taɓa jin ƙarya a bakinta ba, yau tana yi saboda kai.

Allah ya huci zuciyarka da tamu, ya tsare ka inda kake, ya sa Inna ta kwana a ɗakinta kafin ruwa ya sauko.

Ƙaninka da har yanzu bai huce ba,
Sanusi, daga Kebbe.