Injin da Ke Tashi da Kansa

Zuwa ga:
Babban Jami'in Kula da Lafiyar Ma'aikata,
Ofishin Duba Masana'antu.

Daga:
Matar mai aiki a kan injin sassaƙa ƙarfe,
Shago na huɗu, layin masu gyaran injina.

19 ga Mayu.

Game da: Tsohon injin da aka ɗaura wa kwamfuta a wurin aikin maigidana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman izinin kawo kukana gabanka. Maigidana ya shekara goma sha ɗaya yana murza wannan injin da hannu. Ranar 2 ga Afrilu mai shagon ya kawo injiniya, aka cire hannayen murzawa, aka ɗaura masa kwamfuta. Ba ci gaba nake ƙi ba, aikin yana fita sumul. Amma ga abin da ya hana ni sukuni:

1. A da, idan injin ya yi shiru, to ya tsaya ke nan, sai mai aiki ya sa buroshi ya share ɓarɓashin ƙarfe. Kowa a shagon da kunne yake aiki, haka aka koya musu. Yanzu kuwa kwamfutar takan dakata a tsakiyar aiki, ta yi tsit, sannan ta tashi da kanta. Ba fitila, ba ƙararrawa.

2. Ranar 11 ga Mayu da hantsi, injin ya yi shiru, maigidana ya miƙa hannu kamar kullum. Wuƙar injin ta tashi, ta fizge buroshin, ta tsaga masa yatsu biyu na dama. Ɗinki tara aka yi masa. Ni na wanke rigarsa, na san abin da na gani.

3. Jan maɓallin tsayar da injin an kafa shi a jikin akwatin kwamfuta, taku uku daga inda mai aiki ke tsayawa. Ni da tef ɗin ɗinkina na je na auna. Wanda hannunsa ke cikin injin, da wace ƙafa zai je can?

4. Ranar 13 ga Mayu na sami mai shagon. Cewa ya yi kwamfuta ba ta kuskure, maigidana ne bai saba ba. Shi kuma maigidana tsoro yake kada a ce kansa ya tsufa da sabon aiki.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a turo mai duba injin, a dawo da maɓallin kusa da hannu, a sa murfi a gaban wuƙar, da fitilar da za ta nuna cewa injin dakatawa ya yi, bai gama ba.

Ranka ya daɗe, 'yarmu watanta goma sha ɗaya, tana koyon tafiya, kuma ba ta ɗaga ƙafa sai ta riƙe yatsun babanta. Tun ranar nan na hagu take riƙewa. Ranar 26 ga Mayu zai koma bakin wannan injin. Don Allah a riga shi zuwa.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Mai biyayya a gare ka,
(sa hannu)
Matar mai injin, shago na huɗu.