Shafukan da Na Ɗinke

Ɗana,

Kafin gaisuwa ka karɓi gargaɗi: kada ka sake aiko wani littafi gidan nan sai ya biyo ta hannuna. Ka karanta wannan layi sau biyu.

To, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya maƙwabta? Tarin nan ya sake ka kuwa? Mu nan lafiya lau, sai jikin Babanku da ke nan yadda ka bar shi. Hannun daman dai har yanzu bai dawo ba.

Saƙonka ya iso ranar Talata. Auta ta fizge shi daga hannun direba ko sannu ba ta yi masa ba, tana tsalle, budurwa mai shekara goma sha tara. Na tambaye ta ko littafin jarrabawa ne. Ta ce a'a, ƙarin dokoki ne na wasan nan da ka koya mata kafin ka tafi, wanda ake zama a tebur kowa ya zaɓi mutumin da zai zama, ita tana ba da labari, ana jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko mutum ya yi nasara. Na ce ta miƙo. Na tafi da shi shago, na yi kwana biyu ina karantawa tsakanin ɗinki da ɗinki. Ni ma na gama sakandare, ba za a kawo mini takarda cikin gida a ce ba zan gane ba.

Ba zan zalunci littafin ba. Taswirar da ke gaba tana da kyau. Babin tafiya a jirgin ruwa ma akwai hankali a ciki, don sun ce wanda bai ɗebi isasshen ruwan sha ba shi ya jiyo, abin da nake faɗa muku kullum ke nan. Mai magani da ke sanin ganyaye ita ma ban ga laifinta ba.

Amma babi na huɗu fa? Ɓarawo! An zana shi da fuska a rufe, an ba shi maki a kan ƙarya, maki a kan buɗe kwaɗo ba mabuɗi, maki a kan zura hannu a aljihun mutane. Har jadawali aka yi, wai wanda ya fi iya shirga ƙarya shi mai gadi zai bari ya wuce. Shekara nawa na yi ina hana ku ɗaukar ko tsinken da ba naku ba? Sai ga shi kai da kanka ka aiko wa ƙanwarka darasi.

Daga nan ban ƙara karanta komai ba. Na ɗauki allura da baƙin zare, na kama shafukan tun daga hoton ɓarawon har inda na ga kamar ya isa, na ɗinke bakinsu tsaf. Na sa littafin da jakar 'yan lidon a akwatin keken ɗinki, na kulle. Auta ta ce wai ban gane ba. Na ce ta je ta wanke kwanuka, can za ta gane.

Ka kira Babanku. Kwanan nan ya daina fitowa falo, abinci ma rabi yake ci. Ƙwallon robar da aka ba shi a asibiti ya riƙa matsawa, a ƙarƙashin gado na tsince ta. Ban san abin da ya taɓa shi ba.

Ka riƙe salla, ka rage yawo. Auta tana gaishe ka, ko da yake da kumburin baki ta faɗa.

Mahaifiyarka

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka lafiya. Na ji daɗi da ka ce tarin ya tafi. Amsarka ta iso, layi uku kacal, ciki har da “Mama, ki tambayi Baba.” Gajartar ba ta yi mini daɗi ba, amma na tambaye shi.

Ranar Alhamis wuta ta ɗauke a shago, na dawo gida tun kafin la'asar. Na shiga ɗakinsa kai masa ruwa, sai na ga wata takarda kusa da akwatin kayan gyaran agogonsa, wanda bai buɗe ba tun da ciwon ya same shi. An rubuta “maƙeri” a sama, da lambobi a jere. Layukan farko da hannun hagu aka yi su, duk sun karkace. Na ƙasa kuwa suna rawa, amma na san su. Shekara talatin ina ganin yadda yake lanƙwasa bakwai. Da hannun dama ya rubuta.

Da ƙyar ya faɗa mini. Ashe wata biyu ke nan, duk yamma ina shago, shi da Auta da ƙawarta Doguwa suna wasan nan a teburin cin abinci. Auta ta sa masa sharaɗi: jifar da bai yi da hannun dama ba, ba ta ƙirga ta. Mutumin da likita ya yi ta lallashi ya matsa ƙwallo sau goma ya ƙi, shi ne yake jifa sau talatin a zama ɗaya.

Makonni uku da suka wuce, a cikin labarin, maƙerinsa ya tare wata ƙofar dutse da hannu har sauran suka tsere, ƙofar ta murƙushe hannun. Tsohon littafin ya ce wanda ya ji irin wannan rauni ya fita daga wasa. Doguwa ta ce a yi kamar ba a gani ba. Auta ta ƙi, ta ce doka doka ce. A nan dai na ga tarbiyyata. Sai ta ji an ce sabon littafin ya yi magana a kai, Babanku da kansa ya ce ta rubuto maka.

Na ce don me aka ɓoye mini? Ya ce wa ya isa ya kai wa hedimastar gidan nan labarin ɗan lido, ni da na hana ko kati shigowa gidan. Sai ya kalli hannunsa a kan cinya. Can ya ce, “So nake kawai in ji abin da suka ce a yi da mai hannu ɗaya.”

Na koma shago a ƙafa, na ɗauko littafin da jakar 'yan lidon, na farke ɗinkin da reza. Shafi huɗu na ƙarshe da na haɗa ba na ɓarawo ba ne. Babi na biyar ne, sunansa Tabo. Na ɗinke abin da ban karanta ba, ni da nake yi muku faɗa a kan yanke hukunci da gaggawa.

Na karanta masa da kaina. Sun ce mai rauni ba ya fita. Za a cire masa maki uku a duk jifar da ta shafi hannun, amma in ya jure zama biyar sai a mayar masa da ɗaya. Kuma duk wanda ya tsaya kusa da shi yana koyon aiki, a ƙara wa mai koyon maki biyu. Ya ce in maimaita wurin koyarwar. Na maimaita.

Jiya suka zauna, ni ma na ja kujera. Jifarsa ta farko ɗan lidon ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin tebur. Na sunkuya zan ɗauko, Auta ta riƙe mini hannu. Shi ya ɗauko, ya daɗe yana fama, gumi a goshinsa. Da ya jefa, bakwai ta fito. Aka cire uku, maƙerin ya kasa ɗaga guduma. Babanku ya yi dariya har da tari, ya ce a ba shi kuma. Ya cinye abincinsa tas.

Kada ka ɗauka ka ci nasara. Babin ɓarawo na sake ɗinke shi, wannan karon na ƙirga shafukan. Gargaɗina na farko ma yana nan.

Babanku yana gaishe ka, da Auta, da Doguwa. Allah ya yi maka albarka.

Ga dokar da na kafa, ka sani kafin ka zo hutu: wasa Laraba da Asabar bayan la'asar, a falo, a gabana. Ba ɓarawo a teburina. Kuma in ɗan lido ya faɗi daga hannun Babanku, ba mai ɗauko masa, har da ni.

Mahaifiyarka